Ba Kawu Haladu Ba Ne

Wudil, Jihar Kano,
18 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga Yayana Garzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Anti Murja da yara baki ɗaya. Yaya Kumasi, yaya kasuwa, yaya kuma haƙuri da zaman nesa da gida? Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan Wudil alhamdu lillahi. Damina ta zauna sosai, kogi ya cika har masunta sun janye kwale-kwalensu zuwa sama, gero ya fitar da kai. Maigidana Abdulbaƙi yana nan yana fama da takardun jarrabawar ɗalibansa, Khaulat za ta shiga aji uku na sakandare idan an koma, kuma har yanzu tana jiran atamfar da ka yi mata alkawari.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannunmu. Sau uku na kira ka a cikin watan nan da niyyar yin wannan magana, kuma duk lokacin da na ambaci ƙauyenmu Kausani sai ka ce masu saye sun zo, ka kashe. Ban ga laifinka ba. Amma takarda ba ta da abin kashewa, shi ya sa na ba Alhaji Ƙasimu mai kai albasa ya miƙa maka hannu da hannu. Wannan ce ta huɗu da na fara, ukun farko na yaga su. Kwanakin nan ba na iya zama wuri ɗaya. Ina rubutun nan ina tashi ina zagaya tsakar gida ina dawowa, don haka idan ka ga maganar tana hawa tana sauka, ka yi mini uzuri. Roƙona kawai ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Ka san aikina sama-sama, cewa ni likitar ƙwaƙwalwa ce kuma ina koyarwa a Kano, amma ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka abin da nake bincike a kai ba. Tun da na gama karatun ƙwarewa, har na je Afirka ta Kudu na yi digiri na uku, abu ɗaya nake bi: shanyewar ɓarin jiki, da abin da ke sa jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin kai. A cikin masu fashewar akwai wani iri da na fi ba wa ƙarfi. Wani lokaci bangon jijiya yakan yi rauni a wuri ɗaya ya kumbura, kamar yadda tayar kekenka take yin ƙulli a gefe kafin ta fashe. Mutum zai yi shekaru da wannan kumburi bai sani ba, yana noma yana dariya. Ranar da ya fashe, sai ya ji kamar an rotsa masa wani abu a ƙeya, ya yi amai, wuyansa ya sandare. Da yawa ba sa kai yamma. Shekara uku ke nan ina zagaya ƙauyukan Wudil da ma'aikatan lafiya muna auna hawan jini, muna kuma tambayar gidaje labarin waɗanda suka faɗi suka mutu farat ɗaya. Na rubuta irin wannan mutuwa sittin da uku. A goma sha tara daga ciki, iyalan sun faɗa mini sunan wanda suke zargi da jifa.

Na san ka riga ka gane inda na dosa. Ka tuna safiyar nan, shekara ashirin da biyu da suka wuce, da Kawu Haladu ya zo suka yi cacar baki da Inna a kan fadamar gadonsu. Kai kana gona, ni ina ɗaki. Ni na ji ya ce mata za ta gani, ya fita. Kafin hantsi ya ɗaga tana shanya shinkafa sai ta dafe kai, ta ce mini an buga mata taɓarya a ƙeya, ta yi amai, kafin la'asar ta cika. Allah ya jiƙanta da rahama. Kai ne ka miƙe a wurin zaman makoki ka nuna shi da yatsa a gaban jama'a, kowa ya tuna wannan. Abin da mutane suka manta shi ne ni na kawo maka maganar. Ina da shekara goma sha bakwai, ina kuka, na ce maka na ji da kunnena. Da bakina aka fara.

Ga abin da ya fi nauyi, kuma shi ne ya sa na yaga takardun farko. Tun ina aji huɗu a makarantar likitanci na san abin da ya kashe Inna. Malami yana karanto alamomin ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ganin tsakar gidanmu. Na fita daga ajin na je bayan gini na zauna. Daga ranar na zaɓi wannan fanni, amma ban faɗa wa kowa a gida ba. Na riƙa ce wa kaina ba a yi mata hoto ba, ba ni da hujja. Gaskiyar ita ce ina tsoron fushinka, kuma ina jin kunyar komawa in ce ni na yi kuskure. Har na taɓa tsayawa a gaban masana kusan ɗari uku a wani taro, na buɗe jawabina da labarin wata mata 'yar shekara arba'in da biyu da ta mutu a ƙauye aka ɗora wa ɗan'uwanta. Ban faɗi ko wace ce ba. Aka tafa mini, aka buga jawabin a mujalla, ya shiga cikin takardun da aka duba aka ƙara mini girma. Na kai labarin Kawu har ƙetare na ci moriyarsa, shi kuwa yana nan tafiyar minti ashirin daga gidana ban taka na je ba.

Makonni biyar da suka wuce, ranar Talata da hantsi, Malama Jummai ta kira ni. Ita ce ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin Kausani, kuma na koya musu cewa duk wanda ya zo da ciwon kai na farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba, kada a ba shi magani a sallame shi, a kira ni. Ta ce an kawo wata tela da ta faɗi a kan kekenta, tana amai, tana cewa an buga mata taɓarya a ƙeya. Yaya, kalmar Inna ce sak. Na tambayi sunanta, ta ce Barakatu Haladu. Ka tuna Barakatu, autar Kawu, wadda take bin mu bakin kogi muna korarta. Yanzu tana da 'ya'ya huɗu. Ita da kanta ta ba ni izinin in rubuta maka wannan.

Na bar ɗalibai a tsaye na ɗauki mota. Hanya duk taɓo, sau biyu na kusa maƙalewa. Da na isa na tarar da wani tsoho a tsaye a gindin darbejiya a ƙofar asibitin, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Sai da ya ja da baya ya ba ni hanya sannan na gane Kawu ne. Ya gaishe ni da Likita, bai kira sunana ba, bai kuma ɗaga ido ba. Muka kwantar da Barakatu a bayan mota, mijinta ya riƙe mata kai. Kawu ya tsaya nesa yana cewa mu tafi, zai biyo mu a motar haya, ba ya so ya takura mini. Na ce masa, Kawu, ka shigo don Allah, babu lokaci. Rabon da wannan kalma ta fito daga bakina tun ranar makoki. Ya shiga ya zauna a gefena ya takure kamar baƙo. Sai da muka haye gada sannan ya yi magana a hankali, kamar da kansa yake yi. Ya ce idan yarinyar nan ta mutu, wannan karon wa za a ce ya jefe ta. Na ƙara wa motar wuta.

A asibitin koyarwa aka yi mata hoton ƙwaƙwalwa nan take. Ga jini, ga kumburin ƙuru-ƙuru, girman ƙwayar gyaɗa. Ni ba na yin tiyata, wani abokin aikina ne ya yi, washegari da safe. Ya buɗe ya ɗaure wuyan kumburin da wani ɗan ƙarfe mai kama da matsefata. Awa shida suka yi a ciki, ni kuwa na auna barandar nan da ƙafa ban san iyaka ba. Allah ya yi da sauran kwananta. Ta yi mako uku a kwance, yanzu tana gida. Tana magana, tana gane kowa, tana tafiya da kanta. Hannun hagu ne bai gama dawowa ba, har yanzu ba ta iya zura zare a allura, kuma wannan yana sa ta kuka. Ina zuwa duk Asabar muna motsa hannun, ina sa ran zai ƙara sakewa, ko da bai koma kamar da ba.

A rana ta uku bayan tiyatar, bayan azahar, na sami Kawu a kan benci shi kaɗai. Na zauna na nuna masa hoton a wayata, na yi masa bayani yadda na yi maka a sama. Ya daɗe yana kallo da idonsa mai gani. Sannan ya ambaci sunan Inna, ya tambaya ko ita ma wannan ne. Na ce masa ba zan iya rantsuwa ba tunda ba a yi mata hoto ba, amma duk abin da na karanta da duk abin da na gani a aikina yana nuna shi ne, kuma na daɗe da sani. Na ce masa ni ce na kai maganar, na roƙe shi gafara. Na zaci zai tambaye ni me ya sa na yi shiru tsawon shekarun nan. Bai tambaya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko tsawar da ya yi mata ce ta fasa jijiyar. Yaya, ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan. Ya san bai je wurin boka ba, amma bai taɓa wanke kansa ba. Na so in ce masa a'a kawai ya huta, sai na ga ƙaryar da na yi da shiruna ta isa haka. Na ce masa ɓacin rai yana iya ɗaga jini, ba zan ce babu ruwansa ko kaɗan ba, amma kumburin ya riga ya nuna tun da daɗewa, da ɗaga bokitin ruwa ko tari mai ƙarfi ma zai iya fasa shi a wannan makon ko na gaba. Na ce Barakatu ba ta yi faɗa da kowa ba, ɗinki take yi. Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hularsa.

Daga nan ya yi ta ba ni labari, ni ina saurare. Ya ce za ki gani ɗin nan, nufinsa zai kai ƙara wurin dagaci a raba musu fadamar, kuma yana zaune a ƙofar gidan dagacin ne labari ya riske shi. Ya ce tun daga ranar bai sa fartanya a fadamar ba, dagaci ne yake ba da aronta. Ya ce shekara da shekaru idan aka ajiye kwano a wurin suna sai ya ga mutane sun zame sun bar shi shi kaɗai, har ya daina zuwa. Ya koma sallah a masallacin wata unguwa. Mata sukan janye yaransu idan zai wuce. Manemin Barakatu na farko iyayensa suka hana. Duk wannan ya faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A ƙarshe ya faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ya ce mahaifiyarsu, kakarmu, haka ta tafi. Yana da shekara goma sha biyu, tana daka sai ta saki taɓarya ta kama kai, ba ta kwana ba. A lokacin aka ce iska ce.

Kaka, Inna, Barakatu. Da na jera su haka sai na san abin da zan gaya wa kowane maras lafiya da ya zo mini da irin wannan tarihi. Mako biyu da suka wuce na kwanta a cikin na'urar hoton da na tura ɗaruruwan mutane. Yaya, an samu. Ƙarami ne, bai wuce ƙwayar dawa ba, a ɓangaren dama. Kada hankalinka ya tashi fiye da kima. Abokan aikina sun zauna a kai, sun ce a wannan girma da wannan wuri haɗarin taɓa shi ya fi na barinsa, a riƙe jini da kyau, a sake hoto bayan wata shida. Shawarar daidai ce, ni ma ita nake bayarwa kowane mako cikin sanyin murya. Amma yanzu na san abin da mutum yake tafiya da shi gida bayan na gama magana. Ina auna jinina sau biyar a rana alhali na san ba shi da amfani. Shekaranjiya rana ta sa mini ɗan ciwon kai a hanyar Kano, na faka a gefen titi na riƙe sitiyari ina jira. Saura shekara uku in kai shekarun Inna. Abdulbaƙi ya sani, yara ba su sani ba. Ga wata takarda a kan teburina daga wata jami'a a Turai, suna so in je shekara biyu mu haɗa bincike, abin da na daɗe ina nema. Kullum sai na ɗauki biro na ajiye. Ban san ko zan je ba. Na dai san ba zan bar ƙasar nan da maganar Kawu a yadda take ba.

Yanzu kai. Uwa ɗaya muka fito, kuma yanzu kana da mahaifiya da ƙanwa a cikin lissafin, wannan kaɗai ya isa a duba ka. Ga taba da ka ƙi bari, ga hawan jinin da Anti Murja ta ce kana shan maganinsa ne kawai idan ka ji jiri. Waɗannan biyun su ne suke ciyar da kumburin, idan akwai shi. Mai yiwuwa babu komai a kanka, yawanci ma haka ne, amma ba na son yawanci a kan yayana. A cikin ambulan ɗin nan akwai wata ƙaramar takarda da na rubuta da Turanci, da sunan hoton da dalilin yin sa. Ka kai ta babban asibitin da ke nan, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa. Idan sun gama ka turo mini hoton ta waya ko da wane lokaci ne. Kuma ka faɗa wa Anti Murja, idan ka taɓa cewa kanka ya sara farat ɗaya, kada ta tsaya jiƙa wani abu, asibiti kai tsaye.

Na je na ga dagaci, ɗan wancan na lokacin ne yake kai yanzu, na kuma ga liman. Sun amince ranar Juma'ar farko bayan Maulidi a tara dattawan Kausani a ƙofar gidan dagaci, in zo in yi bayani, liman kuma ya maimaita a masallaci. Zan tafi da hoton Barakatu, da yardarta, da nawa. Zan faɗa musu abin da ya kashe Inna, zan kuma faɗa musu cewa ni na fara maganar kuma ni na ɓoye gyaranta. Liman ya tambaye ni ko da yawun yayana na zo, tunda kai ne namiji babba kuma kai aka gani a tsaye ranar. Na ce masa ban sani ba tukuna. Zan je ko ka yarda ko ba ka yarda ba, wannan na riga na yanke. Amma akwai bambanci tsakanin in ce na zo, da in ce ni da Yaya Garzali muka zo. Ba na ce lallai ka taso daga Kumasi ba, ko da yake da ka zo da na fi kowa murna. Kalma ɗaya ta waya ta ishe ni. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Kana da shekara ashirin da uku, ka dawo daga gona ka tarar da uwarka a shimfiɗe, ƙanwarka ta ba ka sunan Kawu. Ka bar gari a kan wannan, ka gina rayuwarka a kai. Idan za ka yi fushi, da ni ya kamata ka yi, kuma zan ɗauka.

Ka gaishe mini da Anti Murja da kyau, ka ce mata na gode da man kaɗen da ta aiko. Ka shafa mini kan Jamil da Saifuddeen, Allah ya yi musu albarka ya ba su ilimi mai amfani. Abdulbaƙi yana gaishe ka, Khaulat da Muhyiddeen suna gaida Kawunsu. Barakatu ta ce in gaishe ka, ta ce har yanzu tana tuna ranar da ka ciro ta daga ruwa a bakin gada ka haɗa mata da ranƙwashi.

Jiya da na je duba hannunta, Kawu ya rako ni har mota. Na faɗa masa zan rubuto maka. Ban ce masa za ka amsa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya tsaya yana murza carbi, sannan ya tambaye ni ko kai ma kana yawan ciwon kai. Na ce ban sani ba. Ya ce to in faɗa maka, ko ba za ka sake yi masa magana ba har ya koma ga Allah, babu komai, ya yafe tun tuni, amma don girman Allah ka je a yi maka hoton nan, ya gaji da binne 'ya'yan gidansu.

Na isar da saƙo. Allah ya tsare mini kai, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Radiyya.